Wane haɗin launi ya fi dacewa da falo a lokacin hunturu da bazara?

Uwargida, Kano:
Assalamu alaikum. Mun kammala shafe bangon falonmu, kuma muna tsakanin haɗi biyu: ruwan madara da ruwan toka mai duhu, ko kuwa fari tas da shuɗi mai duhu. Tagar falon ɗaya ce, tana kallon yamma, kujerunmu kuma ruwan ƙasa ne. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kafin mu sayi fentin.

Mai fenti, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun da tagar ɗaya ce, ban ba ki shawarar ki shafa launi mai duhu a bango fiye da ɗaya ba, domin launi mai duhu yana shanye haske, kuma ranar da aka ɗauke wuta falon zai yi duhu tun kafin magariba. Masu tsara ɗaki suna raba launuka kashi 60, 30 da 10, wato mai haske ya mamaye yawancin ɗakin, na biyu ya biyo baya, na uku kuma ya fito a labule da matasan kujera. Ni ruwan madara da ruwan toka na zaɓa miki, saboda hasken la'asar da ke shigowa ta yamma yana da ja-ja, yana kuma jituwa da ruwan madara da kujerunki, alhali yakan dusashe shuɗi.

Malama, Zariya:
'Yar'uwa, mutane da yawa suna ɗauka cewa farin bango ne kaɗai ke nuna datti, amma ƙurar hunturu fara-fara ce, saboda haka a kan shuɗi mai duhu ta fi bayyana. Farin kuma shatin hannun yara yake tonawa, musamman kusa da makunnin fitila. Ki nemi fenti mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Mai fenti, Kaduna:
Gaskiya Malama ta faɗa, sai dai a tabbata bangon ya bushe sarai, domin idan akwai danshin damina a gindinsa, fenti mai sheƙi yakan kumbura ya ɓare. Kafin ki sayi bokitin lita 20, Hajiya, ki sa a shafa kowane launi a ɗan wuri, ki duba shi da hantsi, da la'asar, da kuma dare a ƙarƙashin ƙwan fitilar da za ki yi amfani da shi.