Tsohuwar fitilar ƙwai ta kakanmu: ta ina zan fara gyaranta?

Ɗan Jahun:
Assalamu alaikum. Bayan rasuwar kakanmu, Allah ya jiƙansa, na tsinci fitilar ƙwai da yake karatun dare da ita a zaurensa nan Bauchi. An rubuta Feuerhand da W. Germany a jikinta. Ƙwan bai fashe ba, amma tsatsa ta ci tankin, abin murza lagwanin ya ƙage, kuma da na zuba kananzir sai na ga gindinta ya jiƙe. Burina in ga ta sake ci kamar yadda na santa ina yaro.

Baban Wunti:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta wa Malam. Wannan rubutu ya nuna a yammacin Jamus aka ƙera ta. Yarona, ka fara da yoyon. Ka juye kananzir ɗin, ka wanke tankin da ruwan zafi da sabulu, ka shanya shi ya bushe sarai, domin kai wuta kusa da tanki mai tururin mai ganganci ne. Daga nan ka kai wa mai liƙi da dalma, kada ka kai wa mai walda, saboda ƙarfen siriri ne, walda za ta huda shi. Idan an liƙe, ka zuba mai kaɗan, ka ɗora ta kan takarda ta kwana; in takardar ba ta jiƙe ba, aiki ya yi. Abin murzawar kuwa kada ka matsa masa da ƙarfi, ka jiƙa shi cikin kananzir kwana biyu, zai saki.

Uwar Gida:
Ni ruwan tsamiya nake cire tsatsa da shi, amma sai an ɗauraye an busar nan take. Ɗan'uwa, ka duba bututun nan biyu na gefe, ta cikinsu iska take sauka zuwa ga wutar, kuma zanzaro yakan yi gini a ciki har fitila ta riƙa hayaƙi.

Baban Wunti:
Gaskiya ne, Hajiya. Sannan ka sa sabon lagwani na auduga daidai faɗin bakinsa, ka datse kansa a miƙe, ka bar shi ya sha mai kamar minti 15 kafin ka kunna. Ka sayi kananzir a wurin da ka amince da shi, domin wanda aka gauraya da fetur yana sa fitila ta fashe.

Ɗan Jahun:
Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Na zura waya a bututun hagu, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Gobe in Allah ya kai mu zan kai tankin wurin liƙi.