Wace kalma za mu ba "virtual reality" a fagen jinyar ƙwaƙwalwa?

Malamar Halayya: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawararku kan kalma ɗaya. Duk ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam da zai yi bincike a kan marasa lafiya sai ya rubuta takardar neman amincewa da harshen da suke ji, kwamitin ɗa'a ya duba ta kafin a taɓa kowa. To wanda zai yi aiki da abin nan da Turawa ke kira virtual reality, me zai rubuta da Hausa? Ina nufin na'urar da ake ɗaura wa mutum a fuska ta rufe masa ido, kowane ido da nasa hoton, in ya juya kai hoton ya juya tare da shi, har ya ji kamar yana tsaye a wani wuri daban. Na ga an rubuta "duniyar mafarki", na ga "zahirin bogi". Babu wadda ta kwanta mini.

Likitan Ƙwaƙwalwa: Wa'alaikumus salam Malama. Mafarki kam a cire shi tun yanzu. Cikin waɗanda ake yi wa wannan jinya akwai masu ciwon firgicin bayan bala'i, kuma munanan mafarkai na cikin manyan alamomin ciwon. Ki ce wa mutumin da ke farkawa tsakar dare yana ihu za ki saka shi duniyar mafarki, ai kin kore shi ke nan. Sannan mai mafarki bai san mafarki yake yi ba, kuma ba shi da ikon tsayar da shi. Jinyar kuwa a kan akasin haka aka gina ta.

Ga yadda ake yi da mai tsoron tsayi. Ana zama da shi a jera abubuwan da yake tsoro daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, kamar matakan tsani. Ya ba kowane mataki maki daga 0 zuwa 100. A saka masa na'urar a fara da na ƙasa, misali barandar hawa na biyu. Bayan 'yan mintoci kaɗan a tambaye shi, yanzu nawa? Ba a hawa da shi sama sai ya zauna a wurin har makin ya sauka, ko har ya gani da kansa cewa abin da yake jira ya faru bai faru ba. Babban kuskure shi ne a cire na'urar a daidai lokacin da tsoron ya kai ƙololuwa: abin da ya koya ke nan shi ne gudu ke ceto, kuma gudun ne tun farko yake ciyar da ciwon. Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory da Larry Hodges, wanda a lokacin yake jami'ar Georgia Tech, duk a Atlanta, su suka buga gwaji na farko mai rukunin kwatance (wato waɗanda ba a yi wa jinyar ba, don a kwatanta su da waɗanda aka yi wa) a 1995, da ɗalibai 20 masu tsoron tsayi, cikin mako 8. Wuraren da suka gina su ne gadoji, baranda, da lifta mai bangon gilashi.

Abin lura: majinyacin ya san sarai yana cikin ofis, ƙafarsa na kan siminti, amma gwiwarsa na rawa, tafin hannunsa na zufa. Kalmar da za mu zaɓa dole ta riƙe waɗannan biyun a tare.

Injiniya: Dakta ya faɗi abin da ya kashe "bogi". Bogi jabu ne, abin da aka yi don a cuce ka. Wa zai sa hannu a takardar da ta ce za a yi masa jinya da bogi? Haka nan rufa-ido, duk da na'urar a zahiri ido take rufewa, kalmar ta riga ta zama ta 'yan siddabaru.

Bari in nuna inda "gasken" yake fitowa, don ba daga kyawun hoto ba ne. Hotunan 1995 sun fi kama da zanen yara, amma sun tsorata mutane. Sirrin yana wajen bin motsin kai. Na'urorin yanzu suna sabunta hoto sau 72 zuwa 90 ko fiye a sakan ɗaya, kuma abin da ake nema shi ne tsakanin juya kai da juyawar hoto kada jinkirin ya wuce kashi 20 cikin 1,000 na sakan. In ya wuce, sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki ya ce kai ya juya, ido ya ce bai juya ba tukuna, sai jiri da tashin zuciya. Haka ma in aka sa mutum yana sulalewa gaba alhali yana zaune a kujera. Shi ya sa ake gwammace ya taka da ƙafarsa, ko ya nuna wuri ya tsinci kansa a can. Akwai kuma tazarar ƙwayar ido, wadda a manya take kusan milimita 63. In ba a daidaita gilasan da ta mutum ba, hoto ya yi dishi-dishi, kai ya yi ciwo. A share fili kamar mita 2 a tsaye mita 2 a kwance, a tambayi tarihin farfaɗiya kafin a fara, a goge soson fuska tsakanin mutum da mutum. Batirin na'urori irin su Meta Quest kusan awa 2 yake yi, a lissafa da shi.

Mel Slater na Jami'ar Barcelona ya raba abin gida biyu: jin cewa kana wurin, da jin cewa abin da ke faruwa a wurin da kai ake yi. Ni dai zan ba da "kwaikwayon zahiri".

Likitan Ƙwaƙwalwa: Ƙari kan jirin nan, Injiniya, don yana ɓata wa ɗalibai bincike. Zufa, tashin zuciya da juwa alamomin jirin na'ura ne, kuma alamomin tsoro ne. In ba ka raba su ba, za ka rubuta cewa tsoro ya ƙaru alhali ciki ne ya hautsine. Akwai takardar tambayoyi 16 ta Kennedy da abokan aikinsa ta 1993 don auna wannan jirin. A cike ta kafin zama da bayan zama, ba bayan kawai ba.

Malamin Hausa: Na bi bayananku, Allah Ya ƙara sani. Larabawa sun ce al-waƙi'ul iftiraɗi, wato zahirin da aka ƙaddara shi a rai. Da za mu iya arowa, amma iftiraɗi bai shiga bakin mutane ba, sai an sake fassara fassarar. Akwai mai kawo "majigi", amma majigi kallo ne daga nesa, kana zaune a tabarma hoto na bango. Wannan ce kuma matsalata da "kwaikwayon zahiri", Injiniya. Ma'anarsa daidai take, sai dai kunnen Bahaushe in ya ji kwaikwayo, fim yake tunawa, wasu na yi shi yana kallo. Kuma kalmar ta yi tsawo ga abin da ma'aikaciyar jinya za ta faɗa sau ashirin a yini.

Ku saurari abin da mutum ke faɗa da kansa in an cire masa na'urar: "Kai, wallahi kamar gaske!" To ga kalmarku nan. Kamar-gaske. "Kamar" ta riƙe sanin da yake da shi cewa ba gaske ba ne, "gaske" ta riƙe rawar gwiwar da Dakta ya ambata. Kuma ginin ba baƙo ba ne, haka muka sami a-daidaita-sahu da a-kori-kura, maganar baki ta daskare ta zama suna. Karan ɗorin da ke tsakiya shi ke raba sunan da zancen yau da kullum.

Injiniya: Na janye tawa, amma a bar ta don rubutun jami'a in ana son bayani: kamar-gaske, wato kwaikwayon zahiri da kwamfuta.

Ɗalibi: Malamaina barkanku da ƙoƙari. Ita na'urar fa, tabarau za a ce ko hular kwano? Sannan wanda yake son ya bi wannan layi har ya koyar a jami'a, kwamfuta zai karanta ko halayya?

Malamar Halayya: Tabarau. Hular kwano kai take karewa, wannan kuwa ta ido ce. Tabaran kamar-gaske.

Tambayarka ta biyu: halayya tukuna, digiri na farko, sai na biyu a ɓangaren jinya, sai na uku da bincike. Dubi manyan fagen. Rothbaum masaniyar halayya ce, Hodges ne na kwamfuta. Albert Rizzo na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya jagoranci Bravemind, wani tsarin jinya da kamar-gaske, don sojojin Amurka da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan, shi ma masanin halayya ne. A tsarinsa mai jinya na riƙe da allo yana ƙara ƙarar fashewa, girgiza ko warin man dizal daidai da labarin da sojan ke bayarwa. Daniel Freeman na Oxford ya buga gwaji a 2018 da mutum 100 masu tsoron tsayi, inda mai horarwar kanta 'yar cikin kwamfuta ce, zama 6 na kusan minti 30, har da aikin ceto kyanwa daga reshen bishiya. A 2022 ya biyo da gwajin gameChange, mutum 346 masu taɓin hankali da ke tsoron fita waje, suna gwada shiga shago, motar bas da ɗakin jiran likita. Abin da kai za ka kawo shi ne sanin ciwon, tsara gwaji da lissafin sakamako. Ka koyi Unity, manhajar da ake gina irin waɗannan wurare da ita, ko makamanciyarta gwargwadon yadda za ka iya magana da injiniya ku fahimci juna. Kuma ka sani wuraren da aka gina don wasu ba lallai su yi aiki a kan wasu ba: mashayar Ingila ba za ta taɓa zuciyar wanda tsoronsa tashar mota ce ranar kasuwa ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa: A kula, kamar-gaske sunan kayan aiki ne, ba sunan jinyar ba. Hunter Hoffman da David Patterson a Jami'ar Washington sun yi amfani da shi wajen masu ƙuna: ana wanke musu rauni suna cikin duniyar ƙanƙara suna jifan tsuntsaye da dunƙulen ƙanƙara. Wancan ɗauke hankali ne daga zafi, namu kuwa fuskantar da mutum ne ga abin da yake gudu. Na biyun zan kira shi jinyar sabo, wato a saba wa mutum da abin da yake tsoro. A takardarki Malama sai ki rubuta: za a yi maka jinyar sabo ta hanyar kamar-gaske, kana iya cewa a tsaya a duk lokacin da ka so.

Malamar Halayya: Na ɗauka. Saura abu ɗaya, Malam: namiji ne ko mace? Kamar-gasken nan, ko kamar-gaskiyar nan?

Malamin Hausa: Namiji. In kin ce gaskiya kin canja kalmar. Kamar-gasken nan yana sa jiri, kamar-gaskensu ya fi namu kyau. Gwada shi a baki ki ji.