Kai yara yawo a Kanada: shawarwarin iyaye

Iyayen da suka tattauna batun inda ya fi dacewa a kai yara yawo a Kanada sun fi nanata abu ɗaya: a zaɓi yanki guda, domin daga Toronto zuwa Vancouver jirgin sama kan yi kusan awa 5. Masu ƙananan yara sun yaba da Toronto, ga gidan kifaye na Ripley's, ga magangarar ruwa ta Niagara ba nisa.

Ni dai lardin Alberta ya fi kwanta min. A Drumheller akwai gidan tarihin Royal Tyrrell cike da ƙasusuwan dinosor, wato wasu manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare, sai gandun dajin Banff, inda 'yan shekara 17 zuwa ƙasa ke shiga kyauta. An ce a je tsakanin Yuni da Agusta, amma a riƙe rigunan sanyi, don dare a kan duwatsu akwai sanyi ko a lokacin zafi.