An tura ƙanina rundunar haɗin gwiwa, wa ke da ikon hukunta shi?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Ƙanina kofur ne, sunansa ya fito cikin waɗanda za a tura rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi, MNJTF ɗin nan, tun jiya Hajiyarmu ta kasa cin abinci wai an ce mata in ya yi kuskure hafsan Chadi ko na Kamaru zai iya kulle shi a can babu wanda zai ji labari. Wa zan tambaya, ko me zan karanta in kwantar mata da hankali?

Baba Samanja: Wa alaikumus salam 'yata. Ki ce wa Hajiya ta ci abincinta. Soja duk inda ya je da dokar gidansu yake tafiya. Abu biyu ne mutane ke haɗawa, akwai ikon ba da umarnin aiki, tashi ka tsare hanyar nan, ku shiga tsibirin can da asuba, wannan kwamandan haɗin gwiwa ne ke da shi. Akwai kuma ikon ladabtarwa, caji, gadirum, yanke albashi, cire igiya, wannan yana hannun ƙasar da ta ɗauke shi aiki.

Maman Hanif: Allah ya saka Baba, wallahi har na ji sanyi. To amma in hafsan wata ƙasa ya ba shi umarni ya ƙi fa?

Baba Samanja: Kar ma ya fara. Na gani da idona lokacin da muke aikin kiyaye zaman lafiya, wani yaronmu barci ya ɗauke shi a bakin gadi, wani manjo baƙo ya zo zagaye cikin dare ya same shi ya jingina da buhun yashi bindiga a cinya. Ko tsawa bai yi masa ba, ya haska tocila a ƙirjinsa ya rubuta suna ya wuce. Washegari takarda ta iso wurin kwamandanmu, ni na cire wa yaron hula da bel na shigar da shi oda, wato gaban kwamanda don hukunci. Baƙon bai taɓa shi ba amma takardarsa ce ta ci masa igiya ɗaya. Shawarata kafin ya tashi ya samu samanjan bataliyarsu ya tambaye shi wa ke rubuta rahoto a kansa, wa kuma ke yanke hukunci, ya riƙe sunayen nan biyu a kansa.

Barista Sadiya: Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Yaya ki nemi Armed Forces Act, wato dokar sojojin Najeriya, Cap A20 na 2004, ana samu a intanet kyauta, ba sai kin karance duka ba, ki duba wajen shari'ar gaggawa da kwamanda ke yi a ofis da wajen kotun soja. Dokar ɗaya ce ta haɗa sojan ƙasa da na ruwa da na sama. Kuma hukuncin kotun soja ba nan ya tsaya ba, sai hukuma ta tabbatar da shi, sannan ana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli. Mutane da yawa ba su san wannan ba shi ya sa nake ta nanatawa.

Ɗan Diffa: Ni abin da zan ce ki duba taswira tukuna. Hedikwatar rundunar tana Njamena, amma an raba ta shiyya shiyya, Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, ta huɗu ita ce tamu ta Diffa kafin Nijar ta sanar da ficewa a 2025. Galibi kowace ƙasa sojojinta ne a shiyyarta, to da wuya ma ya kwana ƙarƙashin baƙo sai dai in an fita babban farmaki tare. Kuma tun da aka sake fasalinta a 2015 bayan faɗuwar garin Baga hannun Boko Haram, janar ɗin Najeriya ne ke riƙe da ita.

Malam Auwal Zariya: Ni dai ban yarda tsarin nan alheri ne zalla ba gaskiya. Kwamandan da ba zai iya hukunta ka ba ai rabin kwamanda ne, in ya ce a shiga daji wata bataliya ta ce sai ta ji daga babban birninta fa? Jirgi ɗaya matuƙa biyu kenan. Duk mai son ya fahimta ina ba shi shawara ya bibiyi tarihin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya, 1990, Janar Quainoo na Ghana ne kwamanda, a hedikwatarsa mutanen madugun 'yan tawaye Prince Johnson suka kama shugaban ƙasar Samuel Doe, ba a jima ba aka kawo Janar Dogonyaro na Najeriya ya karɓa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma da wannan ciwon take fama, in sojan wata ƙasa ya ci zarafin farar hula iyakarta ta mayar da shi gida, shari'a sai ƙasarsa ta ga dama, har sai da Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri mai lamba 2272 a 2016 a kan mayar da runduna sukutum gida.

Barista Sadiya: Gaskiya ne Malam, wanda aka zalunta a ƙauye shi ne ke asara a tsarin, ba ya ganin shari'ar ballantana sakamakonta, abin yana ci mini rai sosai. Amma babu ƙasar da za ta miƙa wuyan ɗanta ga alƙalin wata. Yaya kar ki ɗauka don hukunci na gida ne yana da sauƙi fa, ki tuna 2014, sojoji 12 aka yanke wa kisa kan boren da aka yi a barikin Maimalari na Maiduguri, sannan wasu 54 a Disamba, sai ƙarshen 2015 aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. Ki ajiye lambar lauyan da ya taɓa tsayawa a kotun soja, ba kowane lauya ba.

Baba Samanja: Sannan in an yi masa ba daidai ba akwai hanyar kai ƙorafi a rubuce ta hannun kwamandansa, ya bi ta. Ya yi aikin tukuna ya kai kuka daga baya. Kar ya ɗauki bidiyo ya sa a Facebook, wannan kaɗai caji ne, yara da yawa sun rasa kaki a kansa.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Yanzu na karanta wa Hajiya maganar Baba ta ce a zubo mata tuwo. Barista don Allah zan biyo ki ta akwati kan maganar lauyan, ranar Alhamis zai tashi.