Musayar Waƙa: Ina Sauran Ƙuri'un Suka Tafi?

Mai Alƙalami:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Batun da na kawo shi ne tsarin zaɓen nan da ake yanka ƙasa mazaɓa-mazaɓa, kowace da kujera ɗaya, wanda ya fi kowa ƙuri'a, ko da ɗaya tak ya fi, ya ɗauke kujerar, sauran su tashi a tutar babu. Zaɓen Birtaniya na ranar 4 ga Yuli, 2024 ne ya sa na kasa yin shiru. Amsa-amona "ba" ne. Mai amsawa ya bi ni ko ya zo da nasa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai adalcin da bai gushe ba.

Salati ga Annabi Ɗan Amina,
Da bai taɓa tauye kowa ba.

Batun ƙuri'a na zo da shi yau,
Da lissafin da bai fito ba.

Mutum goma sun tsaya a layi,
Ba wanda bai dangwala ba.

Huɗu na Wane, uku na Wance,
Ukun ƙarshe ba su bi su ba.

Aka yi shela Wane ya lashe,
Shida kuwa ba su zaɓe shi ba.

Kujerar ɗaya ce, ya ɗauke,
Bai bar wa shidan komai ba.

Tawada na nan a kan yatsa,
Muryarsu ba ta shiga zaure ba.

Tamkar sukuwa aka ɗauki zaɓe,
Na biyu ba a san da shi ba.

Da tsinin hanci in ka riga shi,
Ba za a raba muku kyauta ba.

To ai jama'a ba dawaki ba ne,
Mulki kuma ba sukuwa ba.

Mu je Birtaniya mu ga zahiri,
Kar a ce ban kawo hujja ba.

Kujeru 650 ne a zauren,
Jam'iyyar Labour 411, ba kaɗan ba.

Kason ƙuri'arta cikin ɗari fa,
Ko 34 bai cika ba.

Mutum biyu cikin uku ke nan
Ba su ce Labour suke so ba.

Jam'iyyar Reform ta haura ƙuri'a miliyan 4,
Kujerunta ba su wuce 5 ba.

Lib Dem ta tashi da 72,
Ƙuri'arta ba ta kai ta Reform ba.

Ba don ina ƙaunar Reform ba ne,
Manufarta ba ta burge ni ba.

Amma zalunci in an halatta,
Ba zai tsaya kan maƙiyinka ba.

Masu alƙalami ku ba ni amsa,
Ko akwai gefen da ban gani ba.

Baba Dattijo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, hujjarka da nauyi, amma abin da ya daɗe ana amfani da shi ba a yar da shi da waƙa ɗaya. Ga tawa.

Ɗana, na ji waƙarka sarai,
Ta shiga har cikin kunnuwa.

Amma tsaya in yi maka tuni,
Dattijo ba ya gaggawa.

Tsarin nan da kake kuka da shi,
Sauƙinsa abin dubawa.

Ko wanda bai yi karatu ba,
Ya san wurin dangwalawa.

Wakilinka ka san fuskarsa,
Ka san ƙofar ƙwanƙwasawa.

In ya ci amana ka jira shi,
Ranar zaɓe sai korewa.

Gwamnati ta fito da ƙarfinta,
Ba ta roƙon mai tallafawa.

In ta gaza an san mai laifi,
Ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Ka je Beljiyam mai raba kujeru bisa kaso ka yi tambaya,
Bayan zaɓen 2010 kuwa,

Kwana 541 aka shafe,
Gwamnati ta ƙi kafuwa.

Isra'ila mai irin tsarin, daga 2019,
Zaɓe 5 ana maimaitawa,

Kafin 2022 ta ƙare,
Jama'a sun gaji da fitowa.

Mai kujeru kaɗan ya riƙe babba,
Sai abin da yake cewa.

'Yar Malam:

Baba, a gafarce ni, zan sa baki a zancen manya. Zaman lafiyar da kake nufi shi ne ya tsaya mini a rai, don akwai ƙasar da tsarin nan ya kai ta ga wuta, har sai da sojojin Afirka ta Kudu da na Botswana suka shiga.

Baba na gaishe ka da ladabi,
Na bi batunka babi-babi,
Ba na nufin in sa maka aibi,
Sai dai mu bi sawun gaskiya.

Ka ce tsarin na kawo ƙarfi,
Na ce wani ƙarfin bai da zurfi,
A danne rabin ƙasa da murfi,
A ce wai an zauna lafiya.

Lesotho ƙasa ce can kan tudu,
Kewaye da Afirka ta Kudu,
A 1998 an sha gudu,
Dalilin zaɓe ne, ba ƙarya.

LCD mai mulki ƙuri'arta kashi 60,
Kujerun majalisa kuwa 80,
Ta kwashi 79, ikon tsarin,
Ta bar wa 'yan adawa ɗaya.

Kashi 40 fa cikin ɗari,
Kujera ɗaya tak, babu ƙari,
Wa zai haɗiye wannan da haƙuri?
Fushi ya cika kowace zuciya.

Aka fito titi ana ta bore,
Wasu sojoji suka bijire,
Tsakiyar Maseru, babban birni, wuta ta share,
Aka rasa rayuka da dukiya.

Sai da maƙwabta suka turo soja,
Ƙasa ta zubar da sauran daraja,
Baba, nuna mini ina hujja
Ta cewa tsarin ne kariya?

Da suka zauna suka yi shawara,
A 2002 aka ga gyara,
Kujeru 40 aka ƙara,
Na cike giɓin kowace jam'iyya.

Jam'iyyu 10 suka shiga zaure,
Bakin da a da aka ɗaure,
Ya sami wurin magana ya ware,
BNP ta adawa daga 1 ta koma 21.

Ban ce rigima ta ƙare can ba,
Haɗaka ba ta daina rushewa ba,
Amma ba a sake waccan wutar ba,
Kowa ya san yana da murya.

Niyu Zilan ma ta ɗanɗani wannan,
1978 ga misali nan,
1981 ma haka nan,
Mai rinjayen ƙuri'a na baya.

Labour ce ta fi yawan ƙuri'a,
National ta hau mulkin jama'a,
Sau biyu, kar ka kira shi sa'a,
Tsarin ne ya karkata hanya.

Jam'iyyar Social Credit kashi 20 ta ɗara,
Da kujeru 2 kawai ta tsira,
A 1993 aka yanke shawara,
Suka sallami tsarin Birtaniya.

Ɗan Auta:

Yaya, Allah ya ƙara basira. Ni ne ƙarami a nan, amma abin da ya fi ci mini rai ban ji an taɓo shi ba. Tsarin nan koya wa mutum yake yi ya guji wanda yake so.

Yaya, kin buɗe mini hanya,
Ni ma in sa baki in ƙara.

Akwai wanda raina ke so,
Mai gaskiya cikin 'yan takara.

Sai a ce mini, kai yaro,
Kar ka yi wa ƙuri'arka asara.

Ba zai ci ba, bi ɗayan manya,
Ɗauki mai dama-dama, hattara.

In shiga rumfa in dangwala wa
Wanda nake ƙi kaɗan, don dabara.

Tsoro ke zaɓe, ba so ba,
Haka nan shekara bayan shekara.

Duverger, masanin Faransa,
Tuni ya yi wannan ishara:

Inda kujera ɗaya ce a mazaɓa,
Jam'iyyu biyu ne za su saura.

Ta ukun ko ta mutu ko a zage ta,
A ce ita ta hana wani nasara.

Amurka a 2000 ku tuna,
Florida ce ta yanke shawara.

Ƙuri'a 537 ce tazarar,
Wakilan zaɓe 25 na jihar Bush ya tattara.

A faɗin ƙasa Gore ya fi shi da rabin miliyan,
Bai tsira da komai ba sai ƙara.

Nader, ɗan takara na uku, mai 97,000 a jihar,
Shi aka ɗora wa asara.

Mene ne laifin mai tsayawa?
Tsarin ne ke neman gyara.

A 2016 aka maimaita,
Ratar Clinton ma ta ɗara,

Kusan miliyan 3 ta ba Trump,
Shi aka rantsar, ita ta haƙura.

Ga kuma masu shata mazaɓu,
Su zauna da biro da taswira,

Su tsaga yankin 'yan adawa,
Su watsa shi gida huɗu ko tara.

Gwamna Gerry tun 1812
A Massachusetts ya yi ta, ba kara.

Kafin a buga takardar zaɓe,
An san wanda zai yi nasara.

Baba Dattijo:

Kun taru a kaina, 'ya'yana, kuma na ji daɗin haka. Batun Lesotho ya shige ni ƙwarai. Amma ga inda tsorona yake.

'Yata, Allah ya yi miki albarka,
Hujjarki ba ta turuwa.

Amma in za a raba kujeru
Bisa kason da ake samowa,

Wa ke rubuta jerin sunaye?
Iyayen jam'iyya ke tsarawa.

Na gaban goshi a sa shi a sama,
Mai faɗin gaskiya can ƙasa kuwa.

Wakili ya daina tsoron talaka,
Ubangidansa yake bauta wa.

In hanyar yankinmu ta mutu,
Wuyan wa za ni riƙewa?

Afirka ta Kudu tun 1994,
Can ma kukan nan na tasowa.

Mai Alƙalami:

Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan tambayar ita ce ƙashin bayan maganar, kuma akwai waɗanda suka amsa ta a aikace.

Baba, tsoronka na kan hanya,
Ba zan ce ba ka da hujja ba.

Amma Jamus ta raba kujeru,
Ba ta kuma yar da mazaɓa ba.

Ƙuri'a biyu ke hannun mai zaɓe,
Ba a ce ya ɗauki guda ba.

Ta farko ta mutumin yankinka,
Wanda ba zai ɓuya maka ba.

Ta biyu ta jam'iyyar da ka yarda,
Ita ke raba zauren, ba waccan ba.

Daga can Niyu Zilan ta koyo,
Ba ta rasa wakilin yanki ba.

Kashi 5 ne shingen shiga,
Ba kowace 'yar ƙungiya ba.

Isra'ila mazaɓa ɗaya ce duka,
Shingenta bai kai haka tsawo ba.

Rikicin Beljiyam na harshe ne,
Ba ƙuri'a ta haife shi ba.

A Ayalan kuwa mutum kake bi,
Ba jerin ubangida ba.

Ka sa 1 ga wanda ka fi so,
2 ga mai bi, ba ka ɓata ba.

In na farkon ya faɗi, ƙuri'arka
Ta koma ga na biyu, ba ta mutu ba.

Mazaɓa guda, wakilai 3 zuwa 5,
Ba mutum ɗaya ya cinye ba.

Ostareliya tun 1918
Take jerawa, ba yau ba.

Auta, ga amsar kukanka,
Ba sai ka zaɓi tsoro ba.

ANC ta Afirka ta Kudu a 2024 kashi 40,
Kujeru 159, ba ta haura ba.

Cikin 400, dole ta nemi abokai,
Don jama'a ba su ba ta duka ba.

'Yar Malam:

Malam, magani akwai, na yarda. Damuwata wanda maganin ke hannunsa.

Saura tambaya mai nauyi,
Wa zai ɗauko wannan sauyi?
Na kan kujera ba zai so yi,
Don shi ke kwasar moriya.

Trudeau na Kanada ya yi alkawari,
2015 ce ƙarshen wannan tsari,
Kashi 40 bai cika ba cikin ɗari,
Ya sami rinjaye, ya juya baya.

A 2017 ya ajiye zance,
Zaɓe biyu na gaba ga yadda ta kasance:
Conservative ta fi ƙuri'a, a taƙaice,
Kujeru suka bi shi, ba kunya.

Birtaniya kan sauyi an tambayi jama'a,
A 2011 aka kaɗa ƙuri'a,
Kusan kashi 68 suka ce a'a,
Wannan ma na faɗa don gaskiya.

Niyu Zilan ta fi su dabara,
Da hukumar bincike aka fara,
Jama'a suka yanke, ba 'yan takara,
A 2011 suka ƙi komawa baya.

Baba Dattijo:

Na sassauto, amma da sharaɗi,
Ku saurara kafin tafawa.

A bar mini wakilin yankina,
Wanda zan iya tuhumawa.

Jerin sunaye a buɗe shi,
Ni ke ɗagawa da saukewa.

Kar 'yan majalisa su yanke,
Jama'a ke da ta cewa.

Saura kujerar shugaban ƙasa,
Ita ɗaya ce, ba ta rabuwa.

Auta, kai ne mai zafin nama,
Ya za ka yi da ita kuwa?

Ɗan Auta:

Baba, kujerar ba ta rabuwa,
Amma hawanta yana da gyara.

Sai wanda ya haura rabi zai hau,
In babu, biyun sama su kara.

Haka Faransa take yi, da Senegal,
Ghana ma ta bi shawara.

A 2008 Akufo-Addo na gaba,
Bai kai rabi ba, kaɗan ya saura.

Aka koma zagaye na biyu,
Atta Mills ne ya yi nasara.

Ratar ba ta kai kashi 1 ba,
Wanda ya faɗi kuwa ya haƙura.

A 2016 ya dawo ya ci,
Kashi 53 har ya ɗara.