Ɗalibaina sun kasa raba ciniki da riba

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a Argungu. Wannan zangon na kasa su rukuni huɗu, kowane rukuni na ba shi jarin naira 2,000 su haɗa zoɓo su sayar lokacin tara, sannan su shigar da lissafin a Google Sheets, wata manhajar lissafi, a wayata.

Shigarwar kam hannunsu ya faɗa. Inda na maƙale shi ne, duk abin da ya shiga gwangwani riba ce a wurinsu. Jiya wani rukuni ya yi cinikin 2,600, suka zo da murna wai sun ci 2,600, har sun fara rabo. Kuɗin soɓorodo, sukari, leda da ƙanƙara ba wanda ya tuna.

Na sa manhajar tana cire jarin da kanta, sai suka koma kwafar amsa, ba su san inda 600 ta fito ba. Na koma allo da alli, ranar suka gane, washegari sun manta.

Don Allah, wace dabara kuka gwada da ta sa yaro ɗan shekara 10 yake fara ware uwar kuɗi kafin ya kira ragowar riba?