Shawarwari ga masu cin kasuwar kalaman da ke tashe

Masu buga riguna da sitika na yankin Terminus a Jos sun zauna da matasa masu bidiyon barkwanci, suka tattauna yadda kalma ke fitowa daga TikTok ta shiga bakin kowa, da yadda ɗan kasuwa zai ci moriyarta.

An fi jaddada gaggawa. Kalma kan fara a bidiyo ɗaya, masu barkwanci su yi ta maimaita ta, ta bazu a zaurukan WhatsApp, sai a gan ta a bayan Keke Napep. Ranar da ta kai bakin masu shirye-shiryen rediyo, in ji wani dattijo mai shago, ta fara tsufa. Don haka a buga riguna kaɗan tukuna, a ga yadda za su tafi.

Dattawan wurin kuma sun ja kunne kan sanin asalin magana. "Emi lokan" ("lokacina ne" da Yarbanci) da Tinubu ya furta a Abeokuta a 2022 ta siyasa ce, "Soro soke" ("ɗaga murya") kuwa ta zanga-zangar EndSARS ce a 2020. A gari irin Jos, inda ƙaramar magana kan tayar da jijiyar wuya, riga mai irin wannan rubutu za ta iya korar masu saye. Wasu matasan sun ce tsoron ya yi yawa, amma ina ganin dattawan sun fi su gaskiya.

Wanda ya ƙirƙiro kalmar kuwa, an ce a neme shi da wuri a yi talla tare, kafin farashinsa ya hau.